Rufe harsashin dalma da fentin hoda

Rufe harsashin dalma da fentin hoda wata dabara ce ta masu zuba harsashi a gida, inda ake lulluɓe ƙwayar harsashin dalma da busasshiyar hodar fenti, sannan a gasa ta har hodar ta narke ta zama siririyar fata mai tauri. Aikin wannan fata shi ne ta shiga tsakanin dalma da ƙarfen bututun bindiga, don kada dalmar ta goge ta maƙale a ciki lokacin harbi. Dabarar ta bazu ne a farkon shekarun 2010 a tsakanin masu wasan harbi da mafarauta a Amurka, ƙasar da dokarta ta yarda mutum ya haɗa harsashin da zai yi amfani da shi da kansa. An aro ta ne daga masana'antun da ke fentin firji da kekuna da rim ɗin mota, kuma a hannun mutane da yawa ta maye gurbin maikon da aka yi fiye da ƙarni ɗaya ana shafa wa harsashi. Rufin ya magance matsalar bututu ƙwarai, sai dai abin da ke ƙarƙashinsa dalma ce, kuma gubarta tana nan yadda take.

## Ma'anar kalmomi

A Hausa kalmar "harsashi" tana ɗaukar abu biyu: dukan abin da ake sa wa bindiga, da kuma ɗan dunƙulen da ke fita daga bakinta. Harsashin zamani kuwa sassa huɗu gare shi. Akwai kwanso, wanda galibi na tagulla ne. Akwai albarushi a cikin kwanson. Akwai ɗan ƙoƙon kunnawa a gindinsa, wanda ke tayar da wuta idan an buge shi. Sai kuma dunƙulen da ke bakin kwanson, wanda a wannan maƙala za a riƙa kiransa "ƙwaya". Ƙwayar ce kaɗai ake yi wa fenti.

Masana harshe suna danganta "harsashi" da kalmar Larabci "rasas", wadda asalin ma'anarta dalma, kamar yadda "albarushi" ta fito daga "al-barud", "bindiga" kuma daga "bunduƙiyya". Wannan yana nuna irin daɗewar da dalma ta yi a wannan aiki, har sunanta ya zama sunan harsashin kansa.

"Sake ɗuri" shi ne ɗaukar kwanson da aka riga aka harba, a gyara shi, a sa masa sabon ƙoƙon kunnawa da albarushi da ƙwaya. "Zubin gida" kuma shi ne narka dalma a zuba ta a mazubi ta fito da siffar ƙwaya.

## Sake ɗuri da zubin gida a Amurka

Sake ɗuri tsohuwar al'ada ce a Amurka. A ƙarni na 19, masu zama nesa da gari ba su samun harsashin kanti a sauƙaƙe, don haka sau da yawa akan sayar da bindiga tare da mazubinta. Kamfanin Ideal, wanda John Barlow ya kafa a 1884 a jihar Konetikat, ya yi suna wajen ƙera kayan zubi da na ɗuri, kafin kamfanin Lyman ya saye shi a 1925. Daga baya aka samu RCBS a Kalifoniya a 1943, da Lee Precision a jihar Wiskonsin. A yau masu yin wannan aiki suna yinsa ne don rage kashe kuɗi, musamman 'yan gasa da ke harba dubban harsasai a shekara, ko don samun harsashin tsofaffin bindigogi da kamfanoni suka daina ƙerawa, ko kuma don sha'awa kawai.

Dalilai uku ne suka sa dalma ta dace da zubin gida. Tana narkewa a digiri 327 na ma'aunin Salshiyas, zafin da ƙaramar tukunyar lantarki za ta iya kaiwa, alhali jan ƙarfe sai ya kai digiri 1,085. Tana da nauyi, domin kowace santimita kubik tana auna giram 11.3, inda baƙin ƙarfe yake da kusan 7.9, kuma abu mai nauyi ya fi riƙe gudunsa a cikin iska. Sannan tana da laushi, ba ta cin bututu.

Zallar dalma ta yi laushi da yawa ga yawancin bindigogin zamani, saboda haka ake gauraya ta da kuza da antimoni. Kuza tana sa narkakken ƙarfen ya cika kowane lungu na mazubi, antimoni kuma yana ƙara tauri. Ana auna taurin da ma'aunin Brinell, wanda injiniyan Suwidin Johan August Brinell ya fito da shi a 1900. Zallar dalma tana kusan lamba 5 a wannan ma'auni. Gaurayen da ake kira Lyman No. 2, mai kashi 90 na dalma da 5 na kuza da 5 na antimoni, yana kusan 15. Ƙarfen da tsofaffin maɗaba'u ke zuba haruffa da shi, mai kashi 84 na dalma da 12 na antimoni da 4 na kuza, yana kusan 22.

## Matsalar maƙalewar dalma

A cikin bututun bindigar zamani akwai tsagogi masu murɗiya. Idan ƙwaya ta shiga, tsagogin suna cizon jikinta su tilasta mata juyawa, kuma wannan juyi ne ke hana ta tuntsurawa a iska. A yawancin ƙananan bindigogi masu cin harsashin milimita 9, murɗiyar tana cika zagaye ɗaya a cikin santimita 25. Ƙwayar da ta fita da gudun mita 350 a daƙiƙa tana juyawa sau fiye da 80,000 a minti ɗaya ke nan. A bayanta kuma akwai iskar gas mai tsananin zafi, wadda matsinta ke iya zarce nauyin iskar da muke shaƙa sau 2,000.

Dalma tsirara ba ta jure wannan hali. Idan ƙwayar ta ɗan gaza faɗin bututu, gas yana kurɗawa ta gefenta da ƙarfi, ya zaizaye jikinta, ya fesa ɓarɓashin dalma a gaba, ƙwayar kuma ta bi ta kai ta daɓe shi a jikin ƙarfe. Idan gudu ya yi yawa, gogayya kaɗai tana iya sa dalmar ta bar sawu. Harbi bayan harbi, sawun yana kauri, ya cike tsagogin. Daga nan harsashi ya daina zuwa inda aka auna, kuma idan abin ya yi tsanani hanya tana ƙuntata, matsi ya hau fiye da kima. Kankare dalmar da ta maƙale aiki ne mai cin lokaci, kuma mai kankarewar yana mu'amala da ƙurar dalma kai tsaye. Wasu kamfanoni, irin su Glock, waɗanda tsarin tsagin bututunsu ya bambanta da na gargajiya, suna gargaɗin kada a harba ƙwayar dalma marar riga a bindigoginsu.

## Hanyoyin da aka bi a baya

Duk tarihin ƙwayar harsashi tun daga ƙarni na 19 cike yake da neman abin da za a sa tsakanin dalma da bututu.

Hanya ta farko ita ce maiko. Ƙwayar Minié, wadda ke ɗauke da sunan hafsan sojan Faransa Claude-Étienne Minié, an yi amfani da ita a Yaƙin Kirimiya na 1853 zuwa 1856 da Yaƙin Basasar Amurka na 1861 zuwa 1865. Tana da tsagogi kewaye da jikinta da ake cikawa da kitse da kakin zuma. Har yau yawancin mazuban gida suna fitar da ƙwaya mai irin wannan tsagi, sai dai an maye kitse da kakin masana'anta irin su Alox. Maiko yana aiki, amma yana hayaƙi, yana kama ƙura da yashi, yana narkewa a lokacin zafi, kuma yana daskarewa a cikin kayan ɗuri.

Hanya ta biyu ita ce naɗe ƙwaya da siririyar takarda, kamar yadda aka yi wa harsashin bindigar Martini-Henry ta sojan Birtaniya a shekarun 1870. Takardar tana kare dalma a cikin bututu, ta yage ta faɗi bayan an fita. Naɗin yana buƙatar haƙuri da gwanintar hannu, kuma danshi yana lalata shi.

Hanya ta uku ta zo ne da sabon albarushi. A 1884 Paul Vieille na Faransa ya ƙirƙiro albarushi marar hayaƙi, wanda ya ƙara gudun harsashi fiye da abin da dalma za ta iya ɗauka. Kafin nan, a 1882, Eduard Rubin na Suwizalan ya riga ya ƙera ƙwaya mai rigar jan ƙarfe. Wannan ce ta zama ƙwayar sojojin duniya. Sai dai yin riga aikin injin masana'anta ne, kuma jan ƙarfe ya fi dalma tsada. A farkon ƙarni na 20 masu zubin gida suka samu tsaka-tsaki: wani ɗan ƙoƙon jan ƙarfe da ake matsawa a gindin ƙwaya don ya kare ta daga zafin gas.

Hanya ta huɗu ita ce rufin roba. A ƙarshen shekarun 1970 kamfanin Smith & Wesson ya fitar da harsashi mai suna Nyclad, wanda aka lulluɓe dalmarsa da nailan don rage ƙurar dalma a zaurukan atisayen harbi na 'yan sanda. Daga baya kamfanin Federal ya ci gaba da ƙera shi. A Ostareliya kuma masu gasa sun daɗe suna amfani da wani rufi mai suna Hi-Tek, wanda ake dama shi da asiton a shafa, a gasa. Fentin hoda shi ne ya kawo irin wannan rufi hannun mutum ɗaya mai ƙaramin wurin aiki a bayan gida. Kamfanoni ma sun bi sahu: a 2016 Federal ya fara sayar da harsashin Syntech mai jan rufin roba.

## Mene ne fentin hoda

Fentin ruwa da aka saba gani yana ɗauke da launi a cikin wani ruwa da ke tsanewa ya bar launin a jikin abu. Fentin hoda ba shi da ruwa ko kaɗan. A masana'anta ana haɗa rezin, wato wani nau'in ƙaron roba, da sinadarin daskararwa, da launi, da wasu 'yan ƙarin sinadarai. Ana narka su tare, a sanyaya, a niƙa su lukui kamar garin alkama.

Tarihinsa ya koma tsakiyar ƙarni na 20. A 1953 masanin Jamus Erwin Gemmer ya nemi rajistar wata dabara ta tsoma ƙarfe mai zafi a cikin hodar roba da iska ke motsawa daga ƙasa. A farkon shekarun 1960 aka fara fesa hodar da taimakon cajin lantarki, wanda shi ne ya ba da damar yin rufi siriri a kan ƙarfe mai sanyi. Masana'antu sun karɓe shi saboda ba ya fitar da tururin sinadarai irin na fentin ruwa, kuma hodar da ta zube ana iya tarawa a sake amfani da ita.

Hodar da masu harsashi suka fi amfani da ita ta foliyesta ce, wani lokaci gauraye da ifoksi. Tana cikin rukunin robar da ke daskarewa dindindin. Da zafi ya kai kimanin digiri 200, hodar tana fara narkewa ta malale, sannan sinadarin daskararwa ya ɗinke dogayen sarƙoƙin rezin da juna, su zama kamar raga ɗaya. Daga nan ba ta sake narkewa, kamar yadda dafaffen ƙwai ba ya komawa ruwa. Wannan hali ne ya sa take jure gogayya da ɗan gajeren zafin da take haɗuwa da shi a cikin bututu, wanda ba ya wuce kaɗan daga cikin dubu na daƙiƙa. Wani abin da ya sa dabarar ta yiwu shi ne tazarar da ke tsakanin digiri 200 da ake gashi da digirin da gaurayen dalma ke fara narkewa. Tazarar ba ta da faɗi sosai, domin kuza da antimoni suna saukar da zafin narkewar dalma, shi ya sa tanderun da ya zarce kima yake iya lanƙwasa ƙwaya.

## Yadda hoda ke kama dalma

Kafin a gasa, babu abin da ke riƙe hoda a jikin ƙwaya sai cajin lantarki. Shi ne ƙarfin da ɗalibi ke gani idan ya goga biro a gashin kansa ya ɗauki guntayen takarda da shi. Hanyoyi biyu ne aka fi sani.

Ta farko ita ce ta girgiza. Ana zuba ƙwayoyi da 'yar hoda a mazubin roba mai murfi, galibi na folifirofilin mai lamba 5 a gindi, a girgiza. Gogayyar hoda da jikin robar tana haifar da caji, hodar ta manne wa dalma. Wasu suna ƙara ƙananan duwatsun roba na bindigar wasa don gogayyar ta ƙaru. Hanyar tana da arha, amma ta dogara da yanayi. Idan iska ta bushe, kamar yadda take yi a lokacin hunturu, caji yana daɗewa, hoda ta kama sosai. Idan akwai laima, cajin yana zurarewa, rufin ya fito da gurabe. Haka kuma ba kowace hoda ce ke ɗaukar caji ta gogayya ba, har launi da launi sukan bambanta.

Ta biyu ita ce ta feshi, irin ta masana'anta. Na'urar feshi tana da tsinke a bakinta mai ɗauke da dubban bolt na lantarki, wanda ke caja hodar yayin da take fita. Ƙwayoyin suna tsaye a kan farantin ƙarfe da aka haɗa da waya zuwa ƙasa, don haka hodar take nufarsu ta kewaye su. Rufin ya fi fitowa sumul, amma gindin ƙwayar da ke kan faranti yakan zauna babu fenti.

Ko ta wace hanya aka bi, sharaɗin farko shi ne tsabta. Maiko ko gumin yatsa yana hana hoda kamawa, saboda haka ba a haɗa fenti da tsohon man shafawa. Bayan an rufe, ana gasawa a ƙaramin tanderun lantarki na kimanin minti 20, gwargwadon abin da kamfanin hodar ya rubuta. Rufin yana ƙara wa ƙwaya kauri kaɗan, wajen kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na inci, don haka ake tura ta ta cikin wani zoben ƙarfe mai ƙayyadadden faɗi don ta dawo daidai da bututu.

Gwaji biyu ne suka shahara wajen gane ko rufin ya nuna. Ana dukan ƙwaya da guduma har ta baje: rufin kirki yana miƙewa tare da dalma, wanda bai nuna ba yana ɓarewa. Ana kuma goga ta da tsumma mai asiton: idan launi ya biyo tsumman, ɗinkin sarƙoƙin bai kammala ba.

## Amfaninsa

Babban amfanin shi ne tsabtar bututu. Idan faɗin ƙwaya ya dace kuma rufin ya nuna, dalma ba ta taɓa ƙarfe, don haka maƙalewa tana raguwa sosai ko ta ɓace. Hayaƙi ma yana raguwa, domin yawancin hayaƙin harsashin dalma daga ƙonewar maiko yake fitowa. Wannan yana da muhimmanci ga masu gasar harbi da sauri irin ta ƙungiyar IPSC, wadda aka kafa a 1976, inda hayaƙi ke iya rufe wa mutum abin da yake auna.

Rufin yana kuma ba da damar amfani da gaurayen dalma mai laushi a gudun da a da sai mai tauri. Wannan yana rage buƙatar kuza da antimoni, waɗanda suka fi dalma tsada. Ƙwaya mai rufi ba ta danƙo, ba ta kama ƙura, kuma ana iya ajiye ta shekaru ba tare da tsoron maiko ya bushe ko ya narke ba. Launi ma yana da amfani bayan ado: mai ɗuri yana iya ware ja ga wani nauyi, shuɗi ga wani, don kada ya rikita su. A gasar harbi irin ta kaboyi, inda ake harbin farantan ƙarfe a kusa, an hana ƙwaya mai rigar jan ƙarfe saboda ɓarɓashinta na iya dawowa kan mutane, amma ana karɓar dalma mai rufin roba.

## Iyakarsa

Fenti ba ya gyara ƙwayar da zubinta ya lalace ko wadda ta gaza faɗin bututu. Ba ya kuma mayar da dalma ta yi ƙarfin jan ƙarfe. A gudun manyan bindigogi, wanda ke kaiwa mita 800 zuwa 900 a daƙiƙa, matsi da juyi suna iya sauya siffar dalmar da ke ƙarƙashin rufin, harbi ya watse. Shi ya sa dabarar ta fi karɓuwa a ƙananan bindigogi da dogaye masu matsakaicin gudu, kuma masu son ƙarin gudu suke haɗa fenti da ƙoƙon gindi.

Kaurin rufin da bai daidaita ba yana sa nauyi ya karkata gefe ɗaya, abin da ke bayyana a harbin nesa. Kaurin da ya taru a kan hancin ƙwaya yana iya hana harsashi zama daidai a mazauninsa. Akwai kuma batun tauri: wasu masu zubi suna jefa ƙwaya mai zafi a ruwa don ta ƙara tauri, amma gashin fenti yana warware mafi yawan wannan tauri.

Akwai wani kuskuren fahimta da ya daɗe, cewa rufin roba yana sa harsashi ya huda rigar sulke. Asalinsa harsashin KTW ne, wanda aka yi ta cece-kuce a kansa a Amurka a farkon shekarun 1980. Ƙwayarsa ta ƙarfe mai tauri ce, kuma an shafa mata Teflon ne musamman don kare bututu. Taurin cikinta ne ke huda abu. Dokar tarayyar Amurka ta 1986 a kan harsashi mai huda sulke ta dubi irin ƙarfen da aka yi ƙwaya da shi ne. Dalma mai fenti tana nan da laushinta.

## Lafiya da muhalli

Dalma guba ce da ke taruwa a jiki, a ƙashi da jini. Tana cutar da ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da ƙoda, tana kuma haddasa hawan jini. Yara ƙanana da masu juna biyu sun fi kowa shiga haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa. A 2021 hukumar CDC ta Amurka ta saukar da ma'aunin da ake fara bibiyar yaro a kansa zuwa maikurogiram 3.5 a kowace desilita ta jini. Abin da ya faru a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara a 2010, inda yara kimanin 400 suka rasu sakamakon ƙurar dalma daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje, ya nuna abin da ke biyo baya idan aikin dalma ya shigo wurin da iyali ke kwana da cin abinci.

Rufin fenti yana rage taɓa dalma da hannu lokacin ɗuri, yana kuma rage ƙurar da ke tashi daga bututu. Amma hanyoyin da dalma ke shiga jiki sun fi haka yawa. Kafin a yi fenti sai an narka dalma, an kwashe dattin da ke tasowa a kanta, an taɓa ƙwayoyi tsirara. Yawancin ƙoƙunan kunnawa suna ɗauke da wani sinadarin dalma da ke fita cikin hayaƙi a kowane harbi, ya kuma zauna a cikin kwanson da za a wanke. Idan ƙwaya ta bugi farantin ƙarfe tana farfashewa, rufin ya yage, ƙura ta tashi. Saboda haka jami'an lafiya suke ba masu wannan aiki shawarar yinsa a wuri mai iska nesa da ɗakin kwana, da wanke hannu kafin cin abinci, da raba tufafin aiki da na gida, da gwajin jini lokaci-lokaci. Tanderun da aka gasa dalma a ciki ba a sake dafa abinci da shi.

Hodar ita ma ba a shaƙarta. Wasu nau'o'inta suna ɗauke da sinadarin daskararwa mai suna TGIC, wanda ke sa ƙaiƙayin fata, kuma Tarayyar Turai ta sa shi cikin sinadaran da ke iya lalata ƙwayoyin gado. Narkakkiyar dalma kuwa ba ta shiri da ruwa: ɗigon da ya shiga ƙarƙashinta yana zama tururi nan take, ya watsa ta a jikin mai aiki.

A daji, fenti ba ya hana dalma cutar da dabbobi. Ƙwayar da ta shiga jikin dabba tana tarwatsewa, kuma ungulu ko mikiyar da ta ci ragowar naman tana haɗiye ɓarɓashin. Wannan ne ya jefa babbar ungulun Kalifoniya, wato kondo, cikin haɗari, har jihar ta hana farauta da harsashin dalma baki ɗaya daga 1 ga Yuli, 2019. Amurka ta hana ƙananan ƙwayoyin dalma a farautar tsuntsayen ruwa tun 1991, Tarayyar Turai kuma ta hana su a wuraren fadama daga Fabrairun 2023. A ƙarƙashin irin waɗannan dokoki, ƙwaya mai fenti ana lissafa ta a matsayin dalma. Samun dalmar ma yana ƙara wuya ga masu zubi, domin gudajin dalma da ake maƙala wa ƙafar mota don daidaita ta, waɗanda a da su ne babbar hanyarsu, ana maye su da na zinki da baƙin ƙarfe.

## Matsayin doka

Dokokin sake ɗuri sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka, dokar tarayya ba ta neman lasisi daga wanda ke ɗura harsashi don amfanin kansa, muddin ba ya cikin waɗanda aka haramta wa riƙe makami. Wanda zai yi don sayarwa sai ya samu lasisin ƙera harsashi daga hukumar ATF, kuma jihohi suna da nasu ƙarin sharuɗɗa. A Jamus sai mutum ya yi kwas, ya ci jarrabawa, ya samu izini a ƙarƙashin dokar abubuwa masu fashewa. A Birtaniya sai mai takardar izinin riƙe bindiga ne ke iya sayen ƙoƙunan kunnawa na harsashin kwanson ƙarfe.

A Najeriya al'amarin ya sha bamban. Dokar Makamai ta 1959 ta hana mallakar harsashi ba tare da lasisi ba, ta kuma taƙaita ƙera shi ko haɗa shi ga wuraren da gwamnati ta amince da su, irin su masana'antar DICON da aka kafa a Kaduna a 1964. Saɓa wannan laifi ne da ke kai mutum gidan yari. Yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai da harsasansu, wadda aka sa wa hannu a Abuja a 2006 ta kuma fara aiki a 2009, ta ɗora wa ƙasashen yankin alhakin sa ido a kan duk wani mai ƙera makami ko harsashi a cikin ƙasarsu. Don haka a wannan yanki fentin hoda an san shi ne a aikinsa na asali, wato fentin ƙofofi da tagogin alminiyam da kayan ƙarfe na gida da ofis.